Jinin Jamilatu da Sunana

Ranka ya daɗe Uban Ƙasa, Allah ya gafarta malamai, iyayena maza da mata, Likita da tafintansa Malam Maccido, jama'ar Illela da baƙinmu na Ƙwanni, assalamu alaikum.

Na gode da aka bar ni in yi magana daga bayan wannan zana a taron sallamar Likita. Na gode wa maigidana da ya yarda, ko da yake bai ɗago kansa ba.

Ranar da abin ya same ni, ina karanta wani ɗan littafin hikaya da maigidana ya kawo mini daga Sakkwato. Na zo juya shafi, yatsuna suka ƙi. Tun daga ranar, kowace safiya gaɓɓaina a kumbure suke, a sandare, sai rana ta ɗaga. Na ƙunsa lalle don kada a gane. Wanzami ya yi mini ƙaho, aka binne jinin a bayan ɗaki yadda muka saba, ciwo bai tafi ba.

Sai Likita ya zo. Bai yi alkawarin magani ba. Cewa ya yi yana zaton wannan ciwo mai lanƙwasa yatsu yana barin alama a cikin jini, alamar da za ta raba shi da sanyin ƙashi na tsufa, a gane shi tun kafin hannu ya lalace. Ya roƙi jinin masu ciwo da na masu lafiya don ya gwada. Yau ga shi zai tafi, yana cewa bai ga bambanci ba.

Jama'a, ta ina zai gani? Da farko, mun ji kunyar namiji baƙo ya riƙe hannun matar aure. Sannan mun ji tsoron jinin da ba a binne ba. Saboda haka aka aiki Jamilatu mai fura, bazawara, wadda ke daka da safe ta daka da yamma, ta lulluɓe ta ba da jini da sunana. Gidan Idi suka ji dabarar, suka ara. Wasu gidaje ma suka bi. Da ta dawo daga zuwan ƙarshe ta ce mini, "Ruƙayyatu, mi ya rage? Jiya ni at tsohuwar gidan Idi, yau ni ak ke. Wallahi jinina ya ƙare, ku nemi wata!" Muka yi dariya. Ni ma na yi.

A hikayoyin da nake karantawa, mace tana zaune ne mai ceto ya zo. Nawa ya zo har ƙofar gida, na aika masa da jinin mai lafiya. Bawan Allah ya yi ta gwada jinin Jamilatu da na masu lafiya irinta, yana zargin kansa da kasawa. Wannan kunyar ta fi wadda muka guje wa. Uwata da wannan ciwo ta rasu, ana ba ta abinci a baki, ga ƙanwata ta fara yarfa hannu da safe.

Likita, ka yafe mana, ka kwance kayanka. Iyayena mata, ku fito da hannuwanku na gaskiya.

Allah ya ja zamanin Uban Ƙasa, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya, ya saka wa Jamilatu da alheri.

Ni dai gobe zan je da ƙafata in miƙa hannuna.

Na gode.