Abin da Na Ɗauka Ban Faɗa Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Na yi fushi da Ubangiji, kuma ban taso nan don in ɓoye ba.

Sai da na aurar da 'ya na fara riƙe alƙalami. Maigidana ya rasu, ƙannensa suka ƙwace fadamarmu ta Jiratawa, ina tsaye gaban alƙali kamar kurma. Ran nan na ce sai na karanci shari'a. Daga ajin yaƙi da jahilci na rarrafo har konkur, wato jarrabawar shiga karatun lauya. Na faɗi. Na koma, na sake faɗuwa.

Wata irin tambaya ke kayar da ni. A rubuta: manomin da ya yi ban-ruwa sosai ya fi maƙwabcinsa samun albasa, ke nan ruwa ne dalili. A ce ki nemo abin da mai maganar ya ɗauka gaskiya ne, bai faɗa ba. Ni da na tsufa cikin albasa! Cikin amsoshin da aka jera, sai in zaɓi abin da na sani, tsadar taki.

Malamin ajinmu na shirin konkur a Sabon Gari ya ce, "Inna, ba labarin Jiratawa aka tambaye ki ba. Ƙaryata amsar ki gani. In maganar ta rushe, to ita ce."

Na ce, "Ɗan nan, ni zan ƙaryata tsadar taki?"

Aji ya kwashe da dariya. Ban koma ba.

Na daina zuwa sujada. Tuwo ma ya fita raina. Ba fadama, ba karatu, ga gwiwa na ciwo. Wayyo, 'yan'uwa, na roƙi mutuwa!

Wata rana ina tankaɗe, na durƙusa jikin turmi, ba don ladabi ba, faɗa na zo yi. Na ce, "Ubangiji, na faɗi har sau biyu, ke nan ka yashe ni." Sai na ji maganata sak irin ta konkur. Me na ɗauka ban faɗa ba? Wai wanda Allah ke tare da shi ba ya faɗuwa. Na ƙaryata: yana faɗuwa mana! Nan take ƙarar da na kai a kan Ubangiji ta rushe. Na yi kuka har garin ya jiƙe.

Fadamar ba ta dawo ba. Ban ci konkur ba, wataƙila in mutu ban ci ba. Amma na gode wa Yesu, bai yashe ni ba. Ku ma ku riƙe shi.

Washegarin kukan nan na tare kabu-kabu, na je na sa sunana a konkur karo na uku.