Fitilar Hawainiya a Shagon Aski

Wani mutum ya faɗo ɗakin jira na asibitin dabbobi rungume da kwali, ya tsaya kan wata mata mai riƙe da kyanwa.

"Baiwar Allah, bari in riga ki shiga. Hawainiya ce, idanunta sun kumbura sun rufe, ko ƙuda ta daina kamawa."

Matar ta leƙa kwalin, ta taɓe baki. "Wace fitila ka kunna mata?"

"Ƙwan lantarki mana, irin na kowa."

"Irin na kowa. Dabbar da sai da fitila mai hasken rana take rayuwa a ɗaki? Ƙato da kai, ko tambaya ba ka yi ba?"

"Ai tana da irin wannan. Matata ce ta saya mata."

"To, tana ina?"

Ya sosa ƙeya. "Ni mai aski ne. Haskenta na fito da layin gashi tsaf."

"Wato ka makantar da dabbar matarka don ƙeyar ƙatti ta yi kyau."

"Aro na yi. Ta yi tafiya, sai jibi za ta dawo. Likita ya gyara idon, in mayar da fitila, shi ke nan."

Ƙofa ta buɗe. Wata mata ta shigo janye da akwatin tafiya, doguwar fitila a ɗaya hannun.

"Ina mai askin da ya shigo da kwali?"

Mai kyanwa ta matsa gefe. "Shiga gabana, malam. Ina jin kai likita zai fara dubawa."