Kwamfutocin da Ba Su Tashi Ba

A ɗakin jira na ma'aikatar ilimi, wata shugabar makaranta na zaune da kwamfuta a cinya. Mutumin da ke gefenta sai huci yake yi.

"Hajiya, wannan cikin waɗanda aka raba wa makarantu ce?"

"Ita ce. Tun da aka kawo su ko ƙyaftawa ba su yi ba. Ga yara da su za su yi jarrabawa, iyaye sun hana ni sakat."

"Ai dole! Ni na nemi kwangilar nan, sana'ata ce tun ina saurayi. Aka tsallake ni aka ba surukin darakta, mai sayar da tayoyi! Tsofaffi ya kwaso, ya goge ya sa a kwali."

"Allah ya isa! Alhaji, shiga ka faɗa musu, ni ce shaidarka."

"Har kotu sai na je! Daraktan nan fa mota na kai wa matarsa har gida. Ya ce in kwantar da hankalina, aiki nawa ne."

Ta juyo ta ƙare masa kallo.

"Kuɗin motar a ina za ka fanshe? A jikin yarana?"

"Haba Hajiya, ai kowa haka yake yi."

"Ashe ba zalunci ne ya dame ka ba, an fi ka tayi ne."

Masinja ya leƙo ya ce mutum ɗaya ya shigo. Alhajin ya yunƙura, ta riga shi miƙewa.

"Zauna. Kai ciniki ya kawo ka, yana iya jira."