Kofin da Aka Tsinta a Gindin Itace

A kasuwar Charleston, tsohuwa Ernestine na saƙa kwandon ciyawa, sai wata baƙuwa mai katin shiga taro rataye a wuya ta tsaya a kanta.

"Mama, duba tsarabata. Jiya aka zaga da mu bayan otal ɗinmu na tsibiri, na tsinci kofin nan a gindin itace, cikin katantanwa."

Ernestine ta ajiye saƙar.

"'Yar nan, mu kofin da mutum ya sha ruwan ƙarshe da shi, kan kabarinsa muke bari."

"Wayyo! Karɓi, don Allah."

"A'a, ke za ki mayar. Maƙabartarmu ce, amma tun da masu otal suka katange wurin, sai mai kati irin naki ke shiga. In kin je, ki gaida min uwata. Butar shayi ce a kanta."