Barkonon Partago Bai Kori Maƙwabcin Jikana Ba

Salamu alaikum, ɗana mai gabatarwa. Tsohuwa ce daga Djougou.

Jikana Nasiru yana jami'a a Parakou. Ni na koya masa dafa wake da shinkafa a risho, da ɗan manja, tukunya guda ta kai shi gobe. To, akwai wani ƙaton ɗalibi a ɗakin kusa, ko cokali bai mallaka ba. Da an sauke tukunya sai ya yi sallama. Mu kuwa mun reni yaro a kan ya ce bisimilla, ƙaton kuma ba ya jira a maimaita. Nasiru ya zo hutu duk ya rame.

Na daka masa barkonon garin Partago mai azabar zafi, na ce, "Ɗebi naka tukuna, ka juye wannan a sauran."

Da ya koma makaranta ya yi hakan, ƙaton ya ci yana hawaye, majina har haɓa, ya wuni yana zarya bayan gida. Da Nasiru ya ba ni labari a waya, na yi dariya har ɗankwalina ya faɗi.

Washegari ƙaton ya dawo da sabon cokali, ya ce, "Ɗan'uwa, yau ka ɗan rage yajin."

Jama'a, jarrabawa ta gabato, jikana ya koma jiƙa garin rogo a ɓoye. Me ya fi barkono zafi, wanda ba zai kai ni gaban alƙali ba?