Bulalar Shifta da Saƙon Yaya Rabi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hadiza ce daga Tudun Wada, Gusau.

Ɗan yayata Rabi, mai karatu a Sudan, ya aiko saƙo ta kwamfutar wani shago a nan Gusau, yana roƙon uwarsa ta amsa da kanta. Aka buga mini saƙon a takarda, na kai mata har Bungudu. Ta ture biro, ta ce, "Rubuta mini, ke mai digiri."

Yaya ta gama firamare. Amma a zamaninsu, ranar shifta, kowane kuskure bulala ɗaya ne. Tsarin ya yi aiki: tun da ta bar makaranta ba ta sake kuskure ba, don ba ta sake rubutu ba.

Na ƙi rubuta mata. Ta zage ni, sannan ta rubuta. Da na kai rubutun, mai shago ya so ya gyara kurakuran, na ce ya buga yadda yake. Amsar yaron ta zo: "Yau na ji muryar Inna."

Malam, har yau ana wannan bulala a makarantar 'yata. Ranar Litinin zan je wajen hedimasta. A koyar da rubutu daidai, amma ban da duka. Iyayen Gusau, wa zai raka ni?

Ina gaida Yaya Rabi, sabuwar marubuciya.