Ni Na Koya Mata Yajin, Ita Aka Ba Lamba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hajara, daga Angwan Iya a Keffi. Yajin daddawa nake dakawa ina sayarwa tun ina amarya.

Maƙwabciyata Talatu ni na koya mata sana'ar nan, a turmina. Da gwamnati ta ce kayan ci ba za su shiga manyan kantuna ba sai da rajista da lamba, tare muka je muka nema. Masu dubawa suka zo. Ita ɗanta ya koma Abuja ya bar ɗaki, ta sa tayil da ragar taga, aka ba ta lamba. Ni a tsakar gida nake daka, kusa da awakin ƙanin mijina. Suka ce, "Hajiya, sai kin ware ɗaki." Ko ɗanɗana yajin ba su yi ba.

Yanzu nata yana kantunan Abuja cikin kwalba, nawa yana ƙulle a leda a bakin tasha. In motar ɗaukar kayanta ta tsaya, wallahi ko abinci ba na iya ci.

Makon jiya 'yata ta zo daga Abuja da tsaraba, ta ce, "Mama, ga wani yaji, kamar naki." Na juya kwalbar, sai ga sunan Talatu.

Malam, a tambaya mana masana: wadda ba ta da ɗaki, yaya za ta yi? Ina gaida abokan sana'ata na Tudun Ƙofa. Talatu kuwa ba sai na gaishe ta ba, ina jiyo rediyonta ta katanga.